Gurasar da Ta Kori Uwar Mijina

Ni mai waina ce. Tun ina budurwa a gidanmu can wajen Saulawa nake zaune gaban tanda, da aka kawo ni aure wani ƙauye kusa da Makarfi ma tandar ta riga akwati sauka. Ranar kasuwa masu lodin rake da mazarƙwaila ba sa tambayar ina mai waina take, hanci ke kawo su. Na faɗi haka ne don a san cewa in ana zancen ƙullu da kwaɓi, ni ba baƙuwa ba ce. Amma ɗan kwaɓin fulawa da bai cika ƙaramin kwano ba shi ya kusa raba ni da hankalina, shi ne kuma ya fitar da uwar mijina daga ɗakinta.

Ni da maigidana da 'ya'yanmu Kirista ne. Uwarsa kuwa, wadda kowa a gidan ke ce wa Inna, ba ta bi ba. Ta tsaya a kan abin da ta tarar iyayenta Maguzawa suna yi, ko in ce ɗan ragowarsa, don ni ko kaza ban taɓa ganin ta yanka wa wani abu ba. A da ta dafa burukutu, ta bari tun kafin a kawo ni, amma babbar randarta na nan a ƙuryar ɗaki tana zuba wake a ciki. Ran Lahadi in mun yi shirin coci sai ta zauna a bakin ƙofa da battar anwurunta, tabar nan ta shaƙa, ta ce, "Ku gaida mini Shi, ku ce ƙafa ce ke damuna." Ƙafar nan kuwa lafiyarta lau, da ita take kai awaki fadama.

Tsohuwar nan ita ta karɓi haihuwata duka. Ita ta dafa mini ruwan wankan jego, ita ta dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Kafin in fito da asuba ta riga ta hura mini wuta. Muna faɗa, ba na musu, ni bakina ba ya shiru, nata ma haka, har yara sun saba ba sa ɗaga kai. Amma ina son ta, so irin wanda surukuta ba ta bari a faɗa a gaban mutum.

Cocinmu ƙarami ne. Mai bishara ke riƙe da shi, muna ce masa Malam. Fasto kuwa daga Ikara yake zuwa sau ɗaya a wata don ya ba mu Jibin Ubangiji, inda ake raba gurasa da ƙoƙo don tunawa da mutuwar Almasihu. Tun da na sani, burodin mai shayi ake sayowa a tasha a yayyanka, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Sai aka kawo mana sabon Fasto, dattijo mai sanyin murya, ya ɗauki koyarwa a kan tsarki. Ya ba mu labarin Isra'ilawa da za su bar Masar, yadda aka ce su fitar da kowane yisti daga gidajensu, su ci gurasar da ba ta tashi ba. Ya ce yisti misalin zunubi ne, ɗan kaɗan ake sawa, ba a ganinsa, ba a jin motsinsa, sai a wayi gari ya game kwaɓi duka. Ni da ke sana'ar wannan abin sai gyaɗa kai nake yi, don na san gaskiya ya faɗa. Ya ce ƙeta da munafunci da girman kai haka suke yi wa zuciya, haka suke yi wa ikilisiya. Daga ƙarshe ya ce daga yanzu gurasar Jibi za ta zama marar yisti, ya tambaya ko akwai macen da za ta iya yi.

Kafin in buɗe baki duk matan zumunta, wato ƙungiyar matan coci, sun juyo suna kallona. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba, har na gyara ɗaurin kallabi. Baba Fasto ya ce, "'Yar'uwa, fulawa ce da ruwa, ɗan gishiri da ɗan mai, ki gasa a kasko. Kada yisti ya taɓa." Na ce, "Baba, an gama." A raina na ce wannan ai ko 'yata ta fari za ta iya.

Ranar Asabar da yamma na kwaɓa, na rufe da faifai, na ajiye kusa da tukunyar ƙullun waina. To ga inda gizo ke saƙar, amma a lokacin ban gani ba. A wurinmu masu waina ƙullun da bai kwana ba ba ƙullu ba ne. Malalaciya ce ke niƙa da safe ta soya da safe. Abin da ba zan sayar wa ɗan dako ba, yaya zan ɗora shi a teburin Ubangiji? Don girmamawa na bar shi ya kwana. Ban sa tsohon ƙullu ba, ban sa yistin kanti ba, saboda haka ko a jikina, na san ba abin da zai tashe shi. Zafi kuma ya fara shigowa, ɗakin girkin nan kamar an hura wuta a ciki.

Da safe na ga ya ɗan cika kwanon, na ce ruwa ya sha. Na gasa, na naɗe a farin ƙyalle, na kai. Da Baba Fasto ya gutsura, sai ga ƙananan ramuka reras a ciki, ga ɗan tsami-tsami a harshe. Bayan sujada ya kira ni yana murmushi, ya ce, "'Yar'uwa, hannu ya saba, kin manta kin sa." Na ce, "Baba, wallahi ban sa ba." Malam ya yi gyaran murya don ba ya son rantsuwa. Na ce, "To, Allah shaida ne ban sa ba." Aka yi dariya, aka ce kwanon ne, aka watse.

Wata na biyu na sayi kwano sabo fil. Na wanke hannu har ya yi fari, na kori yara, na yi addu'a a kan fulawar. Na kwaɓa ran Asabar da yamma, na rufe, na bar shi ya kwana. Kai! Wannan karon ma ya fi na farko tashi. Na tsaya a kansa da safe ina kallo, ga ƙararrawa ana bugawa, ba sauran fulawa a gidan. Na danne shi da tafin hannu, na gasa, ya sake kumburowa a kaskon kamar da gayya.

Ranar ba wanda ya yi dariya. Baba Fasto ya raba, ya hau mashin ɗinsa ya wuce wani ƙauyen da ke jiransa. Mu aka bari da juna. A bakin rijiyar coci uwar zumunta, mace mai kirki a sauran al'amura, ta ce da ƙarfi yadda zan ji, "Ruwa dai ba ya tsami banza." Na juyo na ce, "Mama, da wa kike?" Ta ce, "Da wanda ya tsargu." Da ba a riƙe ni ba da ranar an ji kanmu har bakin titi.

Daga nan ban sake samun natsuwa ba. Ina soya waina hankalina na wani wuri, sai in ji ƙauri. Na bi zuciyata lungu-lungu ina neman abin da na ɓoye wa Allah. Na tuna matar da na zaga a kasuwa, na je na ba ta haƙuri, ita ta ma manta. Na yi azumi. In na zauna sai in tashi, in na tashi in rasa abin da na tashi yi. Maigida ya ce in na ci gaba haka zan huda tsakar gidan da ƙafa.

Ban san wadda ta fara ambaton Inna ba. Na dai ji maganar ta riga ta yi ƙafafu. Wai ai gidan akwai wadda ba ta tuba ba. Wai randar giya na nan ba a fasa ba. Wai an ga tsohuwar tana zuba ruwa a ƙasa kafin ta sha, abin da ni na san tana yi don ta kawar da ƙaiƙayin da ke saman ƙoƙo. Lahadin da ta biyo Malam ya yi wa'azi a kan share gida kafin Ista, Idin tashin Almasihu, ya ce akwai lokacin da ikilisiya za ta fitar da tsohon yisti ko da yana da zafi. Bai kira sunan kowa ba. Amma hannunka mai sanda ne, kowa ya gane, har yaran bencin gaba suna waiwayen maigidana. Baba Fasto ya ce kowa ya duba zuciyarsa, mu kuwa sai kowa ya leƙa ta katangar maƙwabci.

Maigidana manomin rake ne, mutum ne da ba ya son hayaniya, ko akuya ta shiga gonarsa sai ya ba mai ita haƙuri. A shekarar aka sa sunansa cikin waɗanda za a zaɓa dattijon ikilisiya, abin da ya daɗe yana so bai faɗa ba. Wata rana ya dawo daga gona ya zauna bai taɓa tuwo ba, ya ce, "Ƙanwata ta Likoro ta daɗe tana roƙon Inna ta je ta yi mata kwana biyu."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Ta daɗe."

Na ce, "Maigida, ka dubi idona ka sake faɗa."

Bai duba ba. Ya ce zuwa bayan Ista ne kawai, har bakin mutane ya huce. Na ce, "Haba, Baban yara! Uwarka ce fa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan bai ma ruɓe ba." Ya ce in rage murya kada ta ji. Na ƙara ɗagawa. Ya tashi ya fita da tuwonsa a rufe.

Duk wannan abin ban taɓa gaya wa Inna komai ba. Zancen coci ba ma yi da ita, kuma da wane baki zan ce mata ana cewa ke ce zunubin gidan nan? Amma tsohuwa ba yarinya ba ce. Matan da suka saba shigowa su gaishe ta sun daina, jikokin maƙwabta an hana su karɓar gyaɗarta. Da ɗanta ya je ya durƙusa yana ta kewaye-kewaye, ta ce, "To, Allah ya kai mu." Ba ta tambaye shi dalili ba. Washegari ta ɗaure kayanta a zane ɗaya, ta ba ni battar man kaɗanyarta ta ce in riƙa shafa wa autana a ƙafa, ta hau bayan ɗan acaba. Na tsaya da ludayi a hannu ina kallo har suka sha kwana.

Gidan ya yi mini faɗi. Da asuba in fito in tarar da murhu a sanye. Awaki suka yi ta kuka a bakin ƙofarta. Ban yi wa maigida magana ba sai abin da ya zama dole, shi ma sai ya tsiri daɗewa a fadama.

Ranar Juma'ar da ake tunawa da gicciye Ubangiji, bayan sujadar safe, na kasa daurewa. Na zuba waina a kwano na hau mota zuwa Likoro. Na same ta a gindin bishiyar mangwaro tana ɓarar gyaɗa, ta rame a idona, ko kuwa idona ne. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi akuyar da ke da ciki. Ɗanta ne kawai ba ta tambaya ba. Ta ɗanɗana wainar ta ce kanwa ta yi yawa. Daga nan kuka ya ƙwace mini, na kwashe komai na gaya mata, tun daga sabon kwano har wa'azin Malam.

Ta saurara tana ɓarar gyaɗarta. Da na gama ta ce, "Ke 'yar nan, yaushe kike kwaɓawa?"

Na ce, "Asabar da yamma."

"Ki gasa yaushe?"

"Lahadi da safe."

Ta ajiye faifan ta dube ni. Ta ce, "A zafin nan? A ɗakin da kika shekara kina tsamar da ƙullu? Da muciyar waina kika juya ko?" Da ita kuwa na juya, kwano na canja ban canja muciya ba. Ta ce, "Amma ke shashasha ce. Ko dutse kika ajiye a ɗakin nan sai ya yi tsami. Mu da, in za a yi gumbar sadaka, a daka ne a kai nan take. Abin da za a ba Na-sama ba a barinsa ya kwana. Ki kwaɓa ki gasa hannu bai bushe ba."

Sai a lokacin na tuna Baba Fasto ya ce Isra'ilawan nan cikin gaggawa suka bar Masar, kwaɓinsu bai sami lokacin tashi ba. Na ji da kunnena ranar, amma hannun mai waina bai ji ba. Na yi dariya da hawaye a fuska, na ce, "Inna, shi ke nan, tashi mu tafi." Ta ce, "Ina? Wanda ya turo ni ai bai zo ba."

A mota ina dawowa ne murnar ta koma ciki. Mun wuce gonakin rake, na fara lissafi. Saura kwana biyu Ista, Baba Fasto zai zo, ni zan kai gurasa. In na yi yadda Inna ta koya mini, gurasar za ta fito a shimfiɗe lafiya lau. Kuma me za su ce? Za su ce kun gani, tsohuwa ta fita, gurasa ta kwanta. Da hannuna zan tabbatar musu, da dabarar da ita ta ba ni. Ba bakin da zai iya wanke ta bayan wannan, in na ce kwana ne ya jawo za su ce ina kare surukata. In kuwa na bar shi ya kwana da sanina, na kai abin da aka hana teburin Ubangiji ran Ista, ai bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Tun ina ƙarama aka tsorata mu da cin Jibi da rashin cancanta. Gaba kura baya siyaki.

Na gaya wa maigida abin da Inna ta ce. Fuskarsa ta washe, ya ce, "Madalla! To ki yi shi daidai mu huta, bayan Ista in je in ɗauko ta." Na ce, "Ka ɗauko ta a matsayin me? Wadda aka fitar gida ya tsarkaka?" Ya ce mutane za su manta. Na ce mutanen da suka tuna randar giyar da aka daina dafawa tun kafin a haifi 'ya'yansu? Ya ce ni dai ba na son zaman lafiya. Na nemi Baba Fasto a waya ta ƙi shiga, yana can ƙauyukan da ba sabis. Malam kuwa ban ga amfanin zuwa wurinsa ba, kuma na san halina, da na je da sai an raba mu.

Ran Asabar na wuni ina shiga ɗakin girki ina fita. Na auna fulawar na mayar. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Na durƙusa zan yi addu'a, abin da ya fito bakina kawai shi ne, "Ubangiji, Kai ka san wadda ta hura mini wuta shekara da shekaru." Da rana ta yi sanyi na ɗauko kwanon da muciyar, na kwaɓa yadda na saba, ban ƙara komai ba ban rage ba. Na rufe da faifai na ajiye kusa da tukunyar ƙullu.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Ban da tsoron Allah, akwai wani ƙaramin tsoro da ke cina: in fa na buɗe da safe na tarar bai tashi ba? In fa matan nan gaskiya suka faɗa? Maganar mutane haka take, ko kana ƙin ta sai ta sami inda ta zauna a cikinka. Da gari ya waye na tsaya a kan faifan na kasa ɗagawa, sai da zakara ya ishe ni da cara. Na ɗaga. Ya tashi har ya taɓa faifan, yana ƙananan kumfa, tsaminsa ya bugi hancina. Na zauna a ƙasa daɓas na ce, "Inna, Allah ya wanke ki."

Na gasa ban danne ba. Ta fito kamar fanke. Maigida ya leƙo ya gani, ya riƙe baki ya ce, "Me kika yi?" Na ce, "Abin da na saba." Na naɗe na ɗora a kai na yi gaba.

Coci ya cika maƙil, mata cikin anko, ana ta kaɗa tulu da caki. Uwar zumunta ta tare ni da fara'a, ta ce, "Yau kam sai godiya." Na ce, "Sai godiya, Mama." Na ajiye a tebur na koma na zauna. Da lokaci ya yi Baba Fasto ya yaye ƙyallen. Ya tsaya. Na bencin gaba suka miƙa wuya, magana ta bi layi-layi har baya, waƙar da ake yi ta mutu a bakin masu yi. Ya ɗaga ido ya nemo ni, ban sunkuyar da kai ba. Sai ya yi godiya, ya gutsura, ya raba. Da faranti ya iso gabana ban ɗauka ba. Maigida ya ɗauka, na ga ya daɗe da ita a hannu kafin ya kai baki.

Bayan sujada dattawa suka kira ni ɗakin baya, da Malam da uwar zumunta da maigidana. Baba Fasto ya ce, "'Yar'uwa, me ke faruwa?"

Na ce, "Baba, an ce uwar mijina ce ke tashin gurasa. Ga ta can a Likoro, ga gurasa ta tashi. Sai a gaya mini wa za a fitar yanzu."

Ya dubi Malam, ya dubi dattawa, a fuskarsa na gane bai san komai ba. Na ba shi labari duka, har da kwanan kwaɓi da muciya, har da wadda ta gane dalilin. Wani dattijo ya ce, "Ke nan kin san zai tashi?" Na ce, "Na sani, Baba." Ya ce, "Kika kawo?" Na ce, "Na kawo." Uwar zumunta ta ce, "Ikon Allah," ta rufe fuska da gyale, ban san ko kunya ba ce ko mamakin taurin kaina.

Baba Fasto ya juya wurin maigidana ya ce, "Ɗan'uwa, a cikin abin da na koyar, ina ka ji an ce mutum ya fitar da mahaifiyarsa?" Maigida ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin namiji babba ya ƙanƙance haka ba, kuma duk fushin da nake yi da shi sai da na ji tausayinsa.

An sa ni horo, ban yi gardama ba, don na san teburin ba nawa ba ne. Na yi watanni a bencin baya ba na cin Jibi, aka ba wata aikin gurasa, ni na koya mata. Ya yi mini zafi ƙwarai, in ana rabawa sai in kafa ido a ƙasa ina haɗiye kuka. Wasu matan suka koma cewa ashe ni ce yistin tun farko. Oho, wannan bai hana ni barci ba. Maganar dattijon ikilisiya kuwa ba a sake ta da ita ba, maigida ma bai tambaya ba.

A ranar Istan nan, kafin a sauke shinkafa, ya ari mashin ya kama hanyar Likoro. Na share ɗakinta, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na dama mata fura yadda take so ba sukari. Yara suka yi ta zarya bakin hanya. Da yamma muka ji ƙarar mashin, suka ruga. Shi kaɗai ne. Ya ce ta ce ta gode, za ta zo in an yi ruwan shuka, yanzu tana taya ƙanwarsa ɓarar iri.

Aka yi ruwa, aka yi shuka, aka yi noma. Ta zo, amma da rana. Har yau haka take zuwa, ranar kasuwa, ta sauka a wurin tandata ta zauna a kan kujerar tsugunne, ta ci waina ta kushe, ta duba kan jikoki, ta bi mu gida ta leƙa awaki. Ba ta yi wa ɗanta faɗa ba ko sau ɗaya, da ta yi da ya fi masa sauƙi. Tana amsa gaisuwarsa da kyau, tana sa masa albarka. In la'asar ta yi sai ta fara gyara zane tana cewa a kira mata ɗan acaba.

Na roƙe ta da kuka, na roƙe ta da faɗa, na sa jikoki sun ɓoye mata takalmi. Sai ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan ba kya gajiya." Shi kuwa ba ya iya roƙo da yawa. Kowane zuwa sai ya raka ta bakin ƙofa, ya durƙusa, ya ce, "Inna, ɗakinki na nan."

Ta ce, "Na gani."

Ta kama kafaɗar ɗan acaba ta hau. Shi kuma ya tsaya a wurin har ƙarar mashin ta ɓace, sannan ya shigo ya ja ƙofar ɗakin ya rufe don kada kaji su shiga.